Sadauki a Hannun Ɗan Wasa: Nazarin Ƙarfi da Raunin Wasan Batman: Arkham Asylum

Tsakure

Wannan maƙala ta ɗauki wasan bidiyo guda, Batman: Arkham Asylum, wanda kamfanin Rocksteady na birnin Landan ya ƙirƙira aka fitar da shi a shekarar 2009, ta ɗora shi a kan ma'auni ɗaya: shin abin da yatsun ɗan wasa ke aikatawa ya dace da halin sadaukin da aka ce shi ne? Maƙalar ta nuna cewa wasan ya yi zarra a duk inda ya mayar da halin Batman ya zama dokar wasa, musamman a tsarin faɗa da na farautar 'yan bindiga cikin duhu. Ya kuma yi tuntuɓe a inda ya saki halin ya ari al'adun wasu wasanni, da inda ya gaji wani tsohon aibu daga littattafan labarin zane ya miƙa shi ga hannun ɗan wasa ba tare da gyara ba.

Gabatarwa



Batman ya fara bayyana ne a fitowa ta 27 ta mujallar Detective Comics a shekarar 1939, daga alƙalamin Bob Kane da Bill Finger. Tun daga nan ya shiga rediyo da talabijin da silima, kuma an yi ta sarrafa shi a wasannin bidiyo tun daga shekarun 1980. Amma kafin 2009, idan aka ce wa mai sha'awar wasan bidiyo ga sabon wasan sadaukin labarin zane ya fito, sai ya yi ajiyar zuciya, don ya san yadda aka saba. Yawancinsu ana haɗa su ne cikin gaggawa don su riski ranar fitar wani fim. Wasan Superman da kamfanin Titus ya fitar a kan Nintendo 64 a 1999 har yau shi ake ba da misali da shi: mutumin da aka ce yana iya ɗaga dutse, an bar shi yana ta ratsa zobba a sama cikin hazo, agogo na ƙirga masa lokaci. Shi ma Batman bai tsira ba, don Batman: Dark Tomorrow na 2003 ya sha suka ta ko'ina. An samu 'yan kaɗan da suka fita zakka, irin su Spider-Man 2 na 2004, wanda ya gane daɗin lilo da zare tsakanin dogayen gine-gine.

A wannan yanayi Rocksteady ya shigo, ƙaramin kamfani da bai fitar da komai ba a baya sai wasa ɗaya, Urban Chaos: Riot Response na 2006. Sefton Hill ya jagoranci aikin, Paul Dini ya rubuta labarin, aka kuma dawo da Kevin Conroy da Mark Hamill da Arleen Sorkin, waɗanda suka ba Batman da Joker da Harley Quinn murya a zanen talabijin na 1992. Wasan ya fito a watan Agustan 2009 a kan PlayStation 3 da Xbox 360, na kwamfuta ya biyo baya a Satumba. A shekarar da ta biyo ya ci kyautar BAFTA ta wasan da ya fi kowanne.

Kyauta ba hujja ba ce a wurin mai nazari. Abin da nake so mu duba shi ne me aka yi daidai har aka ci ta, da kuma me aka rufe ido a kai.

Matsalar sadauki a cikin wasa

A 1962 Umberto Eco ya yi rubutu a kan Superman, inda ya lura cewa irin wannan sadauki yana cikin tsaka mai wuya. Dole abubuwa su yi ta faruwa da shi, kuma dole ya kasance bai sauya ba, domin mai karatu ya dawo ya same shi yadda ya bar shi. Wasan bidiyo kuwa an gina shi a kan akasin haka. Ɗan wasa yana farawa da rauni, ya faɗi, ya mutu, ya sake, ya ƙware. To yaya za a ba mutum gwanin da ya fi kowa iya faɗa, sannan a bar shi ya sha kashi a hannun ɗan daba na farko? Idan kuma aka hana shi shan kashi, ina wasan?

Akwai kuma abin da Clint Hocking ya yi nuni da shi a 2007 lokacin da yake sukar BioShock, wato saɓani tsakanin abin da labari ke faɗa da abin da dokar wasa ke sa mutum ya yi. Labari ya ce wannan mutumin kirki ne, hannu kuma yana kashe ɗaruruwa. Ga Batman wannan saɓani ya fi tsanani, saboda an san shi da abubuwa uku: ba ya kisa, ba ya ɗaukar bindiga, kuma ba shi da wani ƙarfi na aljanu. Mutum ne kamar kowa, harsashi na huda shi. Makaminsa shi ne shiri da horo da tsoron da yake jefawa a zukatan miyagu. Mafi sauƙin wasa a wancan zamani shi ne a ba ka bindiga a ce harba, kuma wannan ƙofa a rufe take.

Labarin da aka zaɓa gajere ne, dare ɗaya a tsibiri ɗaya. Batman ya kamo Joker ya kawo shi Arkham, asibitin masu taɓin hankali da ke wajen birnin Gotham. Ashe tarko ne. Gobara a gidan yarin Blackgate ta sa an kwaso ɗaruruwan yaran Joker an ajiye su a tsibirin, Harley Quinn ta karɓe na'urorin tsaro, aka sace Kwamishina Gordon, gidan ya koma hannun Joker. Ana cikin haka sai ta bayyana cewa wata likita, Penelope Young, ta haɗa sinadarin da ake kira Titan daga dafin da ke kumbura Bane, kuma shi Joker ke nema.

Faɗa mai tafiya da kiɗa

Tsarin faɗan, wanda kamfanin ya raɗa wa suna Freeflow, madannai huɗu ne kacal: duka, tare duka, ruɗar da mutum da alkyabba, da tsallake shi. A wasannin faɗa na da, gwaninta ita ce haddace jerin madannai masu tsawo. A nan an sauke wa ɗan wasa wannan nauyi, domin Batman ya riga ya iya. Ka danna duka sau ɗaya ka karkata wajen wani, sai ya tsallaka rabin ɗaki ya same shi da gwiwa ko da gwiwar hannu, ba tare da ka zaɓa masa wanne ba. Abin da aka bar maka shi ne abin da shi kansa Batman zai yi tunani a kai idan mutum goma sha biyu suka kewaye shi: wa zan fara da shi, wa ke shirin kawo min duka ta baya, wa ya ruga ya ɗauko bindiga daga akwatin bango.

Idan wani zai kai duka, wata alama kamar walƙiya takan fito a kansa, ka tare. Kowane duka da ya shiga ba tare da yankewa ba yana ƙara lissafi, kuma idan lissafin ya kai 8 sai a buɗe maka damar karya mutum nan take. Ka yi gaggawar danne-danne ka daki iska, ko ka bari a taɓa ka, lissafin ya koma sifili. Masu wuƙa ba sa dakuwa sai an ruɗe su da alkyabba, masu sandar lantarki kuma sai an tsallake su an bi ta baya. An ruwaito cewa tun farko masu tsara wasan sun gwada gina faɗan a matsayin wasan bin kiɗa, kuma burbushin hakan bai ɓace ba. Wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe ya ga yadda ɗan dambe ke taka ƙasa daidai da kalangu kafin ya saki hannu zai gane abin da nake nufi: mai garaje shi ke faɗuwa.

Da wannan aka warware matsalar da na ambata. Sabon shiga yana ganin Batman gwani tun daga faɗan farko, ko da kuwa shi bai iya komai ba. Ƙwararre kuma yana da abin nema, wato ya gama da ɗaki guda ba tare da lissafinsa ya yanke ba. Sadaukin bai sauya ba, ɗan wasan ne ke hawa zuwa matsayinsa. Ba mamaki da Sleeping Dogs na 2012 da Middle-earth: Shadow of Mordor na 2014 da Marvel's Spider-Man na 2018 duk suka ɗebi wuta daga nan.

Tsoro a matsayin makami

A ganina, ɗakunan farauta su ne ƙololuwar wasan, kuma a nan zan ɗan daɗe.

Ka shigo wani babban zaure ta ramin iska. A ƙasa akwai mutum shida, kowanne da bindiga. Idan ka dira a tsakiyarsu za ka yi irin faɗan da ka saba, cikin daƙiƙa kaɗan ka mutu. Wasan bai yi maka sassauci a nan ba, kuma daidai ne, domin wannan shi ne gaskiyar Batman. Sai ka harba ƙugiya ka haye kan ɗaya daga gumakan dutse da ke manne a saman bango. Daga can kana ganinsu suna sintiri, suna hira, wani yana ba'a yana cewa jemagen ba zai zo ba. Na'urar da ke cikin hular Batman tana nuna maka bugun zuciyar kowanne, kuma duk a natse suke. Ɗaya ya ware ya bi ta ƙarƙashin gunkin da kake. Ka sauko kai ƙasa ƙafa sama, ka cafke shi, ka rataye shi da igiya, ka koma wani gunkin kafin ihunsa ya jawo sauran. Su taru a ƙarƙashinsa suna ɗaga kai. Muryar Joker ta fito ta lasifika tana yi musu dariya, tana gaya musu saura biyar. Ka shafa man fashewa a jikin wani ruɓaɓɓen bango, ka jira wani ya zo wucewa. Saura huɗu. Yanzu bugun zuciyarsu ya hau, sun fara tafiya biyu-biyu, baya da baya. Idan ya rage saura ɗaya, za ka gan shi yana waige-waige, yana harbin duk inda ya ji motsi, yana roƙon ka fito, na'urar kuma ta rubuta cewa a firgice yake.

Littafin zane yakan nuna wannan ne daga ɓangaren ɗan daba: inuwa a bango, sai hoto na gaba an gan shi a rataye. Scott McCloud, a littafinsa na 1993 kan yadda labarin zane ke aiki, ya bayyana cewa mai karatu ne ke cike giɓin da ke tsakanin hoto da hoto da tunaninsa. Abin da Rocksteady ya yi shi ne ya ɗauki wannan giɓin ya mayar da shi filin wasa. Abin da shekaru saba'in ana tsallakewa, yadda Batman ya bar nan ya bayyana can, shi aka damƙa wa ɗan wasa ya aikata. Kuma a yawancin wasannin laɓe na wancan lokaci, mai laɓewa shi ne mai jin tsoro. A nan an juya lamarin, kai ne abin tsoron, duk da cewa harsashi kaɗan ya ishe ka.

Wasan bai bar ɗan wasa ya kwanta a kan dabara ɗaya ba. Can gaba sai a sa wa 'yan bindigar ƙawanya a wuya mai ƙara idan mutum ya faɗi, daga baya kuma a ɗaura wa gumakan nakiya, wanda ya hau ya daɗe ta tashi da shi. Dole ka sauko ka koyi bin ƙarƙashin daɓe da laɓewa a kusurwa.

Gidan da ke ba da labari

Arkham ya fara fitowa a littattafan Batman a 1974 ta hannun Dennis O'Neil, sunan kuma an aro shi daga wani gari na ƙage a labaran H. P. Lovecraft. Littafin Grant Morrison da Dave McKean na 1989 ya mayar da gidan kamar wani mai rai, kuma wasan ya ɗauki wannan ruhi. Henry Jenkins ya yi bayani a 2004 cewa mai tsara wasa ya fi kusa da magini fiye da marubuci, domin ta hanyar wuri yake ba da labari. Tsibirin Arkham shaida ne. Ba shi da girma: sashen tsattsauran kulawa, asibiti, tsohon gidan iyalin Arkham, kurkuku, lambun tsirrai, da kogon Batman a ƙarƙashin ƙasa. Kana wuce ƙofar da ba ka iya buɗewa, bayan awa biyu ka samu na'urar da za ta buɗe ta, ka dawo ka tarar wurin ya sauya, an yi wa gumaka fentin dariyar Joker, ko saiwoyin Poison Ivy sun farfasa ƙasa. Kayan Batman ma suna yagewa a hankali, gemu na tsiro masa, har ka ji tsawon daren a jikinsa.

Buɗewar wasan kanta darasi ce. Mintuna da dama ba abin da kake iya yi sai tafiya a bayan Joker, an ɗaure shi a kan gadon turawa, yana ta zuba, ana wuce shinge bayan shinge. Ka san wani abu zai faru, Batman ma ya sani, kuma an hana ku duka biyun yin komai. Riddler ya warwatsa ƙalubale 240 a tsibirin, da yawansu suna sa ka tsaya ka kalli ɗakin wani fursuna da ba ya nan, ka gane shi daga abin da ya bari. Har wani ɓoyayyen ɗaki aka saka a ofishin shugaban gidan, Quincy Sharp, mai ɗauke da taswirar wasan da zai biyo baya, ba wanda ya gano shi sai da kamfanin ya tona da kansa bayan watanni.

Sai kuma Scarecrow, mai iskar da ke fito wa mutum da abin da yake tsoro. Sau uku yana kama Batman, kuma wasan ba ya sanar da kai. Ka shiga ɗakin ajiye gawa, ka fita ta ƙofar da ka shigo, sai ka sake samun kanka a cikinsa. Jakunkunan gawa uku a kan tebura suna motsi. Ka buɗe ta farko, mahaifin Bruce Wayne ne, wato mahaifin Batman kansa, yana magana, ta biyu mahaifiyarsa. A karo na biyu, wani dogon baranda yana rikiɗa a hankali ya zama lungun da aka kashe iyayen, ruwan sama na zuba a cikin gida, har ka ga kana tafiyar da yaro ƙarami. A karo na uku hoton talabijin ɗin ne ke daskarewa da ƙara kamar na'urar ta lalace, wasan ya koma farko, amma Joker ke tuƙa motar, Batman ne a ɗaure. A wannan gaɓa an bar tsoron Bruce Wayne an taɓo na mai riƙe da na'urar, wanda a zamanin da Xbox 360 ta yi ƙaurin suna wajen mutuwa farat ɗaya, ba ƙaramin tsoro ba ne. Fim ba zai iya wannan ba, littafi ma haka.

Idon da ke yin tunani a madadinka

Raunin farko yana cikin abin da na yaba ɗazu. Da madanni ɗaya ake kunna idon bincike, duniya ta koma shuɗiya, mutane su zama ƙwarangwal da ake hangowa ta bayan bango, masu bindiga ja, marasa bindiga shuɗi, duk abin da za a iya taɓawa ya haskaka. Ba shi da iyaka, ba ya cin komai. Saboda haka mai hankali ba shi da dalilin kashe shi, kuma mutane da yawa sun ƙare wasan suna kallon ƙwarangwal, duk wahalar da masu zane suka sha a kan gidan ta tafi a banza. Dokar wasa ta yi faɗa da zanen wasa, dokar ta yi nasara.

Abin da ya fi damuna shi ne binciken kansa. Ana yi wa Batman kirari da babban mai binciken duniya, mujallar da ta haife shi ma sunanta ke nan. Amma me ɗan wasa ke yi? A killace masa wuri, ya juya har ya ga abu mai haske, ya danna. Batman ya yi bayanin abin da ya gano, sai wata alama ta bayyana a iska, ka bi ta. Warin barasar mai gadi Frank Boles, tabar lofen Gordon, zanen yatsun Dakta Young, jinin Sharp: abu huɗu, aiki ɗaya. Ba a taɓa ba ka shaidu biyu masu karo da juna a ce ka zaɓa ba, ba ka taɓa yin kuskuren zargi ba. A faɗa an ba ka shawara an riƙe motsi, kuma ya yi kyau. A bincike an riƙe shawarar an ba ka tafiya kawai.

Manyan abokan gaba, ƙananan dabaru

An gaji wata al'ada daga tsoffin wasanni cewa kowane sashe ya ƙare da ƙaton abokin gaba, kuma a nan Rocksteady ya bi al'adar ido rufe. Bane ya rugo, ka jefe shi da ƙarfen jifa a fuska, ka kauce, ya daki bango, ka hau shi da duka. Wannan dabarar ita za ka maimaita a kan duk ƙattin da aka yi wa allurar Titan har ƙarshen wasan. Bane na littafi, wanda ya karya bayan Batman a 1993, ya yi hakan ne da wayo, ya saki fursunonin Arkham ya bari suka gajiyar da shi tukuna. A nan an mayar da shi bijimi. Killer Croc, wanda aka yi ta tsorata ka da shi tun daga buɗewa, ya ƙare a magudanar ruwa inda kake takawa a hankali a kan katakai, ya fito ka jefe shi ya koma, ya fito ka jefe shi ya koma, har tsoron ya zama gajiya.

Na ƙarshen ya fi ciwo. Joker, wanda duk haɗarinsa a ƙwaƙwalwarsa yake, wanda ya shafe dare yana wasa da kai ta lasifika, sai ya ɗura wa kansa Titan ya zama ƙaton dodo a kan rufin kurkuku. Ya kai maka 'yan duka, ya koma sama ya juya baya yana yi wa jirgi mai saukar ungulu na 'yan jarida kwalliya, ka gama da yaransa, ka jawo shi ƙasa da ƙugiya. Sau uku. Naushin ƙarshe ma ba kai ke yin sa ba, nuna maka ake yi. Mutumin da ya fi kowa sanin cewa ba zai iya da Batman da ƙarfi ba, an sa shi ya zaɓi ƙarfi, don kawai al'ada ta ce wasa ya ƙare da babban abu.

Kamfanin ya nuna ya ji wannan suka. A Batman: Arkham City na 2011 akwai karo da Mr. Freeze, wanda duk dabarar da ka yi masa sau ɗaya sai ya toshe ta, dole ka zazzage duk abin da ka koya a ɗakunan farauta. Wannan shi ne faɗan da ya dace da Batman. Sai dai a Batman: Arkham Knight na 2015 tsohuwar cutar ta dawo da sabuwar riga: an ba Batman mota mai rikiɗa ta zama tankar yaƙi, aka cika wasan da harbe-harbe, sannan aka yi ta nanata cewa tankokin abokan gaba ba mutum a ciki, wanda motar ta banka kuma lantarki ne ya ture shi ya suma. Idan labari ya fara neman uzuri irin wannan, dokar wasa ta riga ta bar halin sadaukin a baya.

Abin da aka gada ba a tace ba

Game da mata zan taƙaita, don abin a fili yake. Harley Quinn da Poison Ivy an tsara shigarsu ne don idon saurayi. Dakta Young ta mutu da zarar labari ya gama da ita. Oracle, wadda ta fi kowa amfani ga Batman a daren, murya ce kawai a kunne.

Wanda zan tsaya a kai shi ne taɓin hankali. Arkham asibiti ne, mazaunansa marasa lafiya ne, amma kusan duk wanda aka nuna a ciki makashi ne. Ana tsintar kaset-kaset na hirar likitoci da su Joker da Zsasz da Croc, an rubuta su da gwaninta, kuma darasinsu ɗaya ne: magani ba ya aiki, likitan da ya tausaya shi ake cuta. A 2011 wasu likitocin ƙwaƙwalwa uku, H. Eric Bender da Praveen Kambam da Vasilis Pozios, sun yi rubutu a jaridar New York Times suna kokawa da yadda littattafan Batman ke gwama sunayen cututtuka na gaskiya da mugunta, alhali mafi yawan masu irin waɗannan cututtuka ba sa cutar da kowa. Aibun ya girmi wasan.

Sai dai wasa ya ƙara masa wani abu da littafi ba shi da shi. Bayan an buɗe ɗakunan kurkukun, akwai wasu majinyata da ke bazuwa a tsibirin. Ba yaran Joker ba ne, waɗancan fursunoni ne masu hankalinsu daga Blackgate. Waɗannan ba su da suna, ba sa magana, ihu kawai suke yi, su rugo su ɗafe maka a wuya. Abin da wasan ya tanadar maka shi ne ka kayar da mutum, ka danne shi, ka buga masa naushi har ya suma, a ba ka maki. A littafi kana kallon wani yana yi. A nan yatsanka ne, kuma an saka maka. Cikin daren Batman ya ceci likitoci da masu gadi da kwamishina da shugaban gidan, wasan yana da duk kayan aikin da zai sa ya ceci majinyaci ko da guda ɗaya, ya fitar da shi daga hayaƙi ko ya raka shi wurin da ba za a taɓa shi ba. Ba a yi ba. Mu da muke zaune a garuruwan da har yanzu yara ke bin mai taɓin hankali da jifa a titi, wasu iyalai kuma ke ɗaure nasu da mari, bai kamata mu wuce wannan a matsayin ado na labari ba, tunda ƙannenmu da 'ya'yanmu na riƙe da irin waɗannan wasanni.

Kada a ce wasan bidiyo ba zai iya fiye da haka ba. A 2017 kamfanin Ninja Theory na Kambirij, a Ingilar da Rocksteady yake, ya fitar da Hellblade: Senua's Sacrifice, wanda jarumarsa ke jin muryoyi. Sun yi aiki da Farfesa Paul Fletcher na Jami'ar Kambirij, da tallafin gidauniyar Wellcome, suka kuma zauna da mutanen da suka rayu da wannan lalura suka saurare su. Muryoyin suna zagaye kunnen ɗan wasa, wani lokaci su karya masa gwiwa, wani lokaci su gargaɗe shi cewa duka na zuwa ta baya. Dabarar ita ce dai wadda Rocksteady ya ƙware a kai, a ɗauki abin da ke cikin mutum a mayar da shi dokar wasa. Rocksteady ya yi wa Bruce Wayne wannan hidima a ɗakin ajiye gawa da kuma a lungun da aka kashe iyayensa, inda ya bar mu muka shiga cikin raunin zuciyarsa muka tausaya masa. Sauran mazauna gidan, waɗanda asibitin aka gina dominsu, bai ba ko ɗayansu wannan dama ba.